Abin da Mai Zuma Ya Faɗa a Kotu

Laraba, ƙarfe 4:40 na yamma

An ba ni hutun da ban nema ba. Magatakarda ne ya miƙo min takardar a ofishinsa, yana ta gyara tabarau kamar shi aka dakatar. Wai in zauna a gida har a duba ƙorafin da aka shigar. Na ce wane ƙorafi? Ya ce, "Malama, kin san dai na jiya." Na ce ban sani ba, ya karanta min in ji. Bai karanta ba.

Shekara goma sha bakwai ina aikin tafinta a kotun nan. Alƙalai shida na yi wa aiki, ɗaya har wasiƙar yabo ya rubuta min da hannunsa. Yare uku nake juyawa, kuma yaren mutanen kan tudu, wanda na koya a cinyar kakata, ni kaɗai ke jinsa a duk ginin. Ranar da ban zo ba ɗage shari'a ake yi. Yau kuma wata yarinya, wadda ko ƙofar shiga sai da masinja ya nuna mata, ta rubuta cewa na rage maganar ubanta.

Ni.

Na'urar ɗaukar magana ta yi wata huɗu a lalace. Saboda haka maganata ce da tata. Za a gani.

Alhamis, ƙarfe 11:00 na safe

Na wanke labulen falo, na wanke na ɗaki. Na goge saman firji. Maigida ya leƙo daga shagonsa na kafinta da ke jikin gida, ya ce, "Malama, a bar mana bango dai." Na yi dariya don ya ji daɗi. Ya rame a wuya. Ba zan rubuta wannan ba.

Takardarsa ta asibiti tana cikin jakata tun ranar Talata da safe. Ban ciro ta ba.

Juma'a, ƙarfe 7:15 na safe

Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune a ɗakin baya, ta kira ni bayan sallar asuba. Shekara takwas tana gidan nan, kullum ina ganinta zaune a kan tabarma bayan ta idar, baya jingine da bango, har rana ta hau taga. A zatona gyangyaɗi ne na tsufa.

Ta ce, "Ke 'yar nan, tun jiya nake jin ƙafarki. Kin zaga gidan nan ya fi sau ɗari. Zo ki zauna."

Na ce ina da aiki. Ta ce, "Aikin da aka ce ki huta?" Gwaggo ba ta iya ɗaure magana a tsumma ba.

Na zauna. Ta ce in miƙe bayana, in sauke ido ƙasa, in rufe baki. In numfashi ya shiga in ambaci sunan Allah a zuci, in ya fita in sake ambata. Ta ba ni carbinta, ta ce in ja ƙwaya ɗaya duk numfashin da na yi ina nan tare da shi. Da zarar na farga zuciyata ta tafi wani wuri, in koma ƙwayar farko.

Na ce, "Shi ke nan?" Ta ce shi ke nan.

Ni da nake tsayuwar awa huɗu tsakanin lauyoyi biyu masu cacar baki ba na ɓatar da ko wasali. Na yi murmushi na karɓa.

Ƙwaya huɗu na ja. A ta biyar ina ofishin magatakarda ina gaya masa maganar da ya kamata in gaya masa ranar Laraba.

Asabar, ƙarfe 7:05 na safe

Uku.

Lahadi, ƙarfe 7:30 na safe

Shida. Gwiwa na ciwo. Ashe kaina kasuwa ne, ban sani ba. Na ji muryar alƙali, na ji ta likita, na tuna ban mayar wa maƙwabciya rariyarta ba, na shirya wa yarinyar nan amsa iri uku, kowace ta fi 'yar uwarta zafi.

Na gaya wa Gwaggo abin ba zai yiwu ba, ni mai aikin ƙwaƙwalwa ce, kaina ba ya zama. Ta ɗaga hannunta na dama, wanda babu rabin manuni a kansa. Na san a masaƙa ta rasa shi, inda ta yi shekara talatin tana tsaron injin zare, amma ban taɓa tambayar yadda aka yi ba.

Ta ce, "Ina tsaye a gaban inji, hannuna na aiki, ni kuma ina gida ina faɗa da mijina. Har na kusa cin nasara. Sai na ji mutane na ihu." Ta ce da ta warke, wata dattijuwa da suke layi ɗaya ce ta koya mata zaman nan. "Ba a hana zuciya fita, 'yar nan. Akuya ce. Abin da ake koyo shi ne a ji ƙarar ƙofa lokacin da ta fita. Sai a bi ta a dawo da ita, ba duka, ba zagi."

Na ce tawa ba akuya ba ce. Ta ce, "To, jaki ce."

Talata, ƙarfe 2:30 na rana

Mako guda cif tun ranar da abin ya faru a kotu.

Mun je asibiti. An sa ranar aikin tiyata, Litinin ta sama da mai zuwa. Likitan matashi ne mai saurin magana. Maigida ya yi ta gyaɗa kai. Da muka fito ya tambaye ni me aka ce game da abinci, na buɗe baki, sai na ga ban riƙe ba. Na ce an ce a rage gishiri. Ai kullum haka suke cewa.

Yau da safe goma sha ɗaya.

Laraba, ƙarfe 7:20 na safe

Goma sha tara! Na faɗa wa Gwaggo. Ta ce madalla, kamar na ce mata an kawo wuta.

Alhamis, ƙarfe 5:10 na yamma

Magatakarda ya kira. Muryarsa har da fara'a. Ya ce in kwantar da hankalina, Mai shari'a ya san ni, ba wanda zai ɗauki maganar 'yar ƙauye a kan ta ma'aikaciya mai shekara goma sha bakwai. Abin da kawai ake so, in rubuto layi biyu cewa na fassara duk abin da shaida ya faɗa, in sa hannu, a rufe fayil. Na ce gobe zai gani.

Bari in rubuta yadda abin ya kasance, don ni ma in gani a takarda.

Wani direban motar ɗaukar burodi ake tuhuma da buge mai keke a kan hanyar tudu. Mai keken ya rasu. Direban ya ce ba shi ba ne. Shaida ɗaya ne, wani tsoho mai kiwon zuma da amyoyinsa ke kan bishiyoyin bakin hanyar. Ba ya jin kowane yare sai nasu. Ya shigo da hula a hannu, yana warin hayaƙi. Aka ce ya faɗi abin da ya gani. Ya yi magana. Na juya: ya ga motar wannan mutumin a tsaye, ya ga mutumin durƙushe a kan mai keke, rigarsa duk jini. Abin da ya faɗa ke nan. Aka hana beli. 'Yarsa ta miƙe a bayan kotu tana cewa ba haka ba ne, ɗan sanda ya fitar da ita.

Abin da ya faɗa ke nan.

Juma'a, ƙarfe 9:00 na safe

Ban rubuta layi biyun ba. Biron ba ya ci sosai. Gobe.

Ashirin da shida.

Asabar, ƙarfe 7:40 na safe

Talatin da uku, ƙafa guda ta carbi, ban koma farko ba ko sau ɗaya. Na fito tsakar gida ina jin kamar an ƙara min tsawo. Na ce wa Gwaggo a kwana tara na kai inda wasu ke shekara ba su kai ba. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta carbinta.

Na ce me na yi? Ta ce, "Kin mai da shi jarrabawa. Yanzu ba Allah kike ambata ba, lamba kike ambata. Gobe ki zauna hannu wofi."

Na ji haushi ƙwarai. Duk da haka talatin da uku talatin da uku ne, kuma na rubuta shi a nan inda ba mai ƙwacewa.

Lahadi, ƙarfe 8:00 na safe

Hannu wofi ya fi wuya. Ba abin da za ka nuna.

Amma na lura da wani abu. Da, sai na yi nisa nake farga na tafi. Yau sau biyu na kama ta tana fita. Akwai wani ɗan nauyi da ke fara sauka a ƙirji, sannan kunne ya toshe kamar an shiga ruwa, sannan tunanin ya zo. Tsuntsayen bishiyar maƙwabta suna ta kuka, sai na ga akwai wurin da ban ji su ba sam, alhali ba su yi shiru ba. Da na dawo sai kunnena ya haɗa kukan baya da na gaba, kamar ba a yanke ba.

Ban so wannan ba.

Litinin, ƙarfe 12:15 na rana

Maigida yana ta gama kujerun da aka ba shi, wai kada ya bar wa mutane aiki a rataye. Na ce ya daina irin wannan maganar. Ya ce, "Wace magana? Kujeru na ce." Na kai masa ruwa, na tsaya ina kallon yadda yake goge katako. Ba ya duban komai sai inda hannunsa yake. Shekara ashirin da biyu ina aure da mutumin nan ban taɓa tsayawa na kalli wannan ba.

Magatakarda ya kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Talata, ƙarfe 7:50 na safe

Na zauna, sai ga kotun ta zo. Na yi niyyar korarta, amma na tuna ba duka ba zagi, sai na bar ta ta tsaya, ina numfashina.

Tsohon ya fara da gaisuwa, na ji. Ya ce yana kan bishiya yana ɗaure amya, rana ta kusa faɗuwa, na ji. Sannan jakata ta zame daga kan benci ta taɓa ƙafata. Na tuna abin da ke cikinta. Na tuna kalmar da aka ja wa layi da jan biro. Nauyin nan ya sauka a ƙirjina.

Sannan tsohon yana cewa ya ga motar a tsaye.

Tsakanin "rana ta kusa faɗuwa" da "motar a tsaye" bakinsa yana motsi. Ina ganinsa yanzu. Har ya ɗaga hannu ya nuna gabas, ya yi wata alama kamar abu ya wuce da gudu. Ban san tsawon lokacin ba. Numfashi uku, ko biyar. Na nemi kalmomin a kaina, na juya ko'ina. Babu. Ba mantawa na yi ba. Ban ji ba ne.

Kuma ban ce a maimaita ba. Tafinta ƙarama tana cewa a maimaita. Ni na shekara goma ban faɗi haka ba, kuma ina alfahari da hakan a gaban sababbin ma'aikata.

Gwaggo ta dube ni da na tashi. Ba ta tambaya ba, ban faɗa ba.

Talata, ƙarfe 3:00 na rana

Wataƙila gaisuwa ya ƙara. Mutanen tudu akwai doguwar gaisuwa.

Laraba, ƙarfe 7:10 na safe

Ban zauna ba. Kaina na ciwo.

Alhamis, ƙarfe 7:10 na safe

Ban zauna ba. Gwaggo ta aiko a tambaya ko akuyar ce ta cinye tabarmar.

Alhamis, ƙarfe 6:00 na yamma

Na je kotu da niyyar sa hannu a huta. Na shiga ta ƙofar baya. A bakin matakala na ga matar direban. Na gane ta, don ranar shari'ar tana layin gaba da goyo. Tana zaune da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali, tana jiran a ba ta takardar izinin ziyara. Masinja ya ce min kullum sai ta zo. Kwana goma sha shida.

Ba ta gane ni ba. Ta matsa min hanya, har ta ce, "Sannu, Hajiya."

Na juya na koma gida.

Juma'a, ƙarfe 8:20 na safe

Na zauna. Na daɗe. Yawanci kuka na yi, amma ina sane da kowane numfashi, ban tafi ko'ina ba.

Bayan nan na gaya wa Gwaggo duka. Na zaci za ta yi min wa'azi. Sai ta ce, "To yanzu me kike so in ce?" Na ce ta gaya min abin da zan yi. Ta ce, "Ni zama na koya miki. Tashi kuma naki ne."

Na gaya wa maigida a shago. Ya ajiye abin gugarsa, ya zauna a kan kujerar da bai gama ba. Na ce za su iya korata, kuma ga halin da muke ciki. Sannan ya ce, "Saboda takardata ce ko?" Na ce a'a. Ya ce, "Malama." Na ce e.

Ya ce, "To kada ki sa ni in shiga ɗakin aiki da wani mutum a kurkuku a kan wuyana. Nauyin ya yi min yawa."

Juma'a, ƙarfe 1:00 na rana

Na rubuta. Ba layi biyu ba, shafi ɗaya da rabi. Na sa mafi kyawun mayafina, na shiga ta ƙofar gaba.

Magatakarda ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Malama, kin san abin da kike yi kuwa? Ba wanda ya tambaye ki wannan. Ki ɗauka ki koma gida, ni ban gani ba." Na ce ya gani, kuma ya buga hatimi ya ba ni kwafi.

Mai shari'a ya kira ni ciki. Ban taɓa tsayawa a ofishin nan a matsayin mai laifi ba. Ya ce, "Me ya faɗa a wurin da kika rasa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Da na sani da ban zo ba. Abin da na sani shi ne ya yi magana, ni kuma ba na nan." Ya ce ina kike? Na ce wannan nawa ne, ba zai canza komai a shari'ar ba.

Ya dube ni ta saman takardar. Ya ce a shekarunsa na aiki tafintoci da yawa sun yi masa haka, yana zargi, amma ba wanda ya taɓa zuwa ya faɗa. Ban sani ba ko yabo ne. Fuskarsa ba ta yabo ba ce. Za a sake kiran tsohon ranar Alhamis. Maganata kuma za ta je gaban kwamiti.

Da na fito kaina a sama yake. Ko masinja ya lura, ya miƙe tsaye.

Lahadi, ƙarfe 4:30 na yamma

Mun haɗa jaka. Riga biyu, silifa, buta, rediyonsa. Ya dage sai an sa ma'auninsa na katako, wai hannunsa ya saba da shi a aljihu.

Litinin, ƙarfe 5:45 na yamma

Awa huɗu da minti goma.

Benci ne na ƙarfe a wani dogon baranda mai warin magani. Mata biyu a gefena suna ta labarin waɗanda suka shiga ba su fito ba. Da a watan jiya ne da na tashi na yi musu tatas, ko in yi ta zarya har a kore ni. Na jingina da bango, na sauke ido. Zuciyata ta fita ya fi sau dubu. Ta je maƙabarta, ta je gidan da babu shi, ta raba kayan shagonsa. Duk fita na bi ta na dawo da ita. Shiga, sunan Allah. Fita, sunan Allah. Ba daɗi na ji ba, kada in yi ƙarya. Amma ina nan a kan bencin lokacin da ƙofa ta buɗe, kuma na ji abin da ma'aikaciyar jinya ta ce tun daga farko har ƙarshe.

Ya farka. An cire abin. An aika da shi gwaji, sai bayan kwana goma.

Abin da ya fara tambaya shi ne ko an rufe shago.

Laraba, ƙarfe 10:00 na safe

Magatakarda ya kira. Sun nemi wani tafintan yaren tudu ko'ina, babu. Mai shari'a ya ce ni zan yi, amma 'yar tsohon za ta zauna kusa da ni, in ta ji ba daidai ba ta ɗaga hannu.

Ni, a sa min mai gadi. Yarinyar da na isa in haifa.

Na ce to.

Alhamis, ƙarfe 5:20 na yamma

Na bar jakata da wayata a wurin Gwaggo, wadda ta tafi asibiti ta zauna da maigida.

Kotu ta cika, don labari ya zaga. Sababbin tafintoci biyu da nake koya wa aiki suna baya, sun zo kallo. Yarinyar ta zauna a hannun hagu na, ba ta gaishe ni ba. Na gaishe ta da yarensu. Ta kau da kai.

Kafin a fara na sauke ido na yi numfashi uku. Aka shigo da tsohon.

Ya yi gaisuwa. Ya ce yana kan bishiya, rana ta kusa faɗuwa. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna gabas. Ya ce wata babbar mota mai ɗaukar yashi ta taho a guje, ta kwashe mai keke ta watsar, ba ta ko rage gudu ba. Ya ce yana ƙoƙarin saukowa daga bishiya, ƙafa ba ta da ƙarfi, sai ga motar burodi ta zo ta tsaya. Direban ya fito da gudu, ya durƙusa, ya cire rigarsa yana toshe jinin.

Na juya shi kalma bayan kalma. A bayana na ji matar direban ta saki wani sauti, ba kuka ba, ba dariya ba.

Lauyan gwamnati ya taso masa da tambayoyi, awa biyu da rabi. Ana cikin haka wata mata ta wuce ta taga sanye da farar riga irin ta asibiti. Nauyin ya sauka a ƙirjina, kunnena ya fara toshewa. Na ji ƙofar. Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon shaida ya maimaita jimlarsa ta ƙarshe." A gaban ɗalibaina. Tsohon ya maimaita. Kalma biyu ce kawai ta kuɓuce, launin motar yashin.

Yarinyar ba ta ɗaga hannu ba ko sau ɗaya.

An ba da beli nan take, kuma Mai shari'a ya umarci 'yan sanda su nemo motar yashi.

A waje na je wurin tsohon na durƙusa. Na ce, "Baba, ni ce na zubar da maganarka a ƙasa. Ka yafe min." Ya ce shi tun ranar ya san wani abu ya faɗi, don ya yi magana mai tsawon igiya, ni kuma na miƙa mai tsawon karan taba. Ya ce, "'Yata, wanda ya zubar ya dawo ya tsince, ba a kiransa ɓarawo." 'Yarsa ta ja hannunsa suka tafi.

Matar direban ta gane ni yau. Ta tsaya a gabana da goyonta, ta ce, "Kwana ashirin da uku." Tana da gaskiya, kuma na tsaya na ji ta har cikin ƙashina, ban gudu ba.

Asabar, ƙarfe 7:30 na safe

An sallamo maigida. Yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ciki.

Zaman yau duk shirme ne, tunani kamar ƙudaje. Gwaggo ta ce haka yake, ita ma bayan shekara talatin akwai ranar da ba ta samun ko numfashi biyar. Na ce to me ya sa ba ta gaya min tun farko ba? Ta ce da ta faɗa da ban zauna ba.

Talata, ƙarfe 2:00 na rana

Kwamiti ya zauna. Takardar gargaɗi a fayil ɗina, ta farko a rayuwata. An mai da ni ƙaramar kotu ta ƙasa na tsawon shekara guda, inda ake shari'ar awaki da iyakar gona. An karɓe koyar da sababbi daga hannuna.

Na karanta takardar sau biyu. Akwai kuskuren rubutu a layi na uku. Na nuna wa magatakarda, ya gyara, sannan na sa hannu.

Ɗaya daga cikin sababbin ta biyo ni har bakin titi. Ta ce, "Anti, ashe ana iya cewa a maimaita?" Na ce ana iyawa. Ta ce ita kullum tsoro take ji, sai ta cike da abin da ya fi kama da gaskiya. Na ce ta same ni a kotun ƙasa ranar Litinin kafin a fara zama, mu yi magana. Ba su hana ni shan shayi da mutane ba.

Alhamis, ƙarfe 4:15 na yamma

Sakamakon ya fito.

A bakin ƙofar likita maigida ya riƙe hannuna. Bai taɓa yin haka a gaban mutane ba. Ya ce, "Malama, ni in na shiga ba abin da zan ji. Da ya buɗe baki kaina zai ɗauki ƙara. Ki ji mana."

Muka shiga. Likitan ya fara da saurinsa. Na ce, "Likita, a hankali, don Allah." Ya dube ni, ya rage. Ya yi magana ta minti goma sha biyu. Akwai kalmar da na daɗe ina gudu, ya faɗe ta sau huɗu. Duk lokacin da ya faɗa sai ƙirjina ya yi nauyi, sai in ja numfashi in tsaya a kujerata. Sau biyu na sa ya maimaita. Na tambaye shi abin da "wataƙila" ɗinsa yake nufi, kashi nawa cikin nawa. Ya faɗa.

Ba shi ne mafi muni ba. Ba kuma wanda muka roƙa ba ne. Wata shida na magani, sannan a sake dubawa.

Muka fito muka zauna a inuwar wata bishiya kusa da wurin ajiye motoci. Ya ce, "To, me ya ce?"

Ina iya sassautawa. Na san kalmomin da zan zaɓa, ba wanda ya fi ni sanin su a garin nan. Na dubi fuskarsa, na fara daga gaisuwar likita, na bi da shi har ƙarshe, mai daɗin da marar daɗin, kowanne a inda aka ajiye shi.

Ya murza ma'aunin katakonsa. Ya ce, "Duka ke nan?"

Na ce duka ke nan.

Ya ce, "To. Wata shida. Ai kabad ɗin da na yi miki ma ya fi haka daɗewa kafin in gama shi." Ya miƙo hannu na tashe shi, muka nufi bakin titi a hankali, yana tambayata ko likitan ya hana shi shan shayi da sukari. Na ce bai hana ba. Na tabbata.